Na sa alam ruwan ya yi garau, ya isa a sha?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Tun da damina ta kankama ruwan rijiyar unguwarmu ya yi ja, kuma yara uku a maƙwabta sun kwanta da amai da gudawa. Kullum ina jefa alam a randa sai ruwan ya yi garau kafin mu sha. Hankalina ya ƙi kwanciya. Hakan ya wadatar? Daga wata uwa a wani ƙauyen Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, bai wadatar ba, kuma bakina ya gaji da maimaita wannan a duk ƙauyen da aikin duba-gari ya kai ni. Aikin alam shi ne ya tattara laka ya kwantar da ita a gindin randa. Ba ya kashe ƙwayar kwalara. Sau nawa aka miƙo mini moɗa ana cewa, "Malam duba, kamar hawaye!" To, ƙwayar ba da ido ake ganinta ba. A 2021 an samu mutum sama da 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi tsanani.

Bayan ruwan ya kwanta, ki tsiyaye shi ki tafasa har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya. In itace ya yi wuya, ki sa kulorin, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, irin su WaterGuard ko Aquatabs, gwargwadon abin da aka rubuta a jiki, ki jira minti 30. Masu yaɗa cewa kulorin na hana haihuwa, su ji tsoron Allah. Shi ake zubawa a ruwan famfon birane shekara da shekaru, kuma ba a fasa suna ba.

Sai moɗa. Wadda yaro ya sha ya yar a ƙasa, ita ake sake tsomawa a randa, aikin ya koma baya. Ki ware ɗaya mai dogon hannu ta ɗiba kawai, ki rufe randar.

Maigida kuma ya kai maganar rijiyar gaban mai unguwa: a ɗaga bakinta da siminti, a daina yar da guga a taɓo, a auna ko akwai masai a ƙasa da mita 30 daga gare ta. Yaran nan a fara ba su ruwan gishiri da sukari yanzu, a wuce da su asibiti yau, kada a tsaya a shagon magani.