Ashe aikin lauyan gwamnati bai ƙare a ranar hukunci ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanina ne aka yanke wa ɗauri mai tsawo a jihar Kalifoniya ta Amurka, yana da shekara 22 lokacin da abin ya faru. Lauyansa ya ce lauyan gwamnati ya rubuta wata takarda a kansa wadda za ta bi shi har gidan yari. Ni na ɗauka tunda alƙali ya yanke hukunci shi ke nan, to wannan kuma ta mece ce? Wallahi hankalin mahaifiyarmu a tashe yake.
Wata 'yar uwa daga Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya kawo muku sauƙi. Gaskiya lauyan ya faɗa miki. A dokar laifuka ta Kalifoniya, sashe na 1203.01, da zarar an yanke hukunci alƙali da mai gabatar da ƙara, wato lauyan gwamnati, suna iya rubuta ra'ayinsu a kan laifin da kuma wanda ya aikata shi, idan ma babu rahoton jami'in da ke binciken halin mai laifi to rubutawar ta zama dole, sai akawun kotu ya aika wa hukumar gidajen yari, a kuma aika wa wanda aka ɗaure da lauyansa kwafi.

Dalilin kuwa shi ne ranar da za a zauna a duba ko ya cancanci sakin talala, wataƙila shekara 20 ta wuce, alƙalin ya yi ritaya, shaidu sun watse, mutanen da ke kan teburin ba su taɓa ganin shari'ar ba, fayil ne kawai a gabansu suna buɗawa shafi-shafi. Abin da aka rubuta tun ƙurar ba ta lafa ba shi zai yi magana. Ni dai ina ganin adalci ne a rubuta, don waɗanda aka cuta su ma suna da haƙƙi kar a manta da abin da ya same su.

Amma ga inda nake so ki tsaya sosai, wannan sashen ya ba lauyan ƙaninki damar shigar da nasa bayanin shi ma, kuma iyalai da yawa ba su sani ba. Shekarunsa ma suna da amfani, domin a can wanda ya yi laifi kafin ya kai 26 yawanci ana yi masa zama na musamman na matasa don duba sakin talala a shekara ta 15 ko 20 ko 25 na ɗaurinsa, gwargwadon hukuncin. A 2016 kotun ƙolin jihar ta ce a ba irinsu damar adana hujjojin ƙuruciyarsu, a 2019 ta ƙara da cewa ko an gama shari'ar ana iya yi ta wannan sashen.

Don haka ki nemi lauyan ya turo miki kwafin abin da aka rubuta, ku karanta ku ga ko akwai kuskure. Sannan ku tattara takardun makarantarsa da na asibiti in akwai, mahaifiyarku ta zauna ta faɗi yadda ya taso a rubuta a fassara, malaminsa na islamiyya ma ya rubuta in yana raye. Ku yi yanzu tun masu tuna yarintarsa suna nan.