Tambayoyi da amsoshin likita: Ya sha kananzir an ɗura masa manja

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan mako kusan duk daga iyayen ƙananan yara suka fito, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Wanda bai ga tambayarsa ba ya yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ina kuma ƙara tunatarwa, yaron da ke cikin mawuyacin hali asibiti ake kai shi, ba a zama jiran amsar saƙo.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Ɗana shekararsa huɗu, har yanzu yana fitsarin kwance. Babansa ya doke shi har ya gaji. (Wata uwa daga Katsina)

AMSA: Malama, ki roƙi maigidan ya ajiye bulalar. Yaron bai yi laifi ba, mararsa ce ba ta gama koyon riƙe fitsari cikin barci ba, kuma ba ma ɗaukar abin a matsayin matsala sai yaro ya haura shekara 5. A rage masa shan ruwa da shayi bayan magariba, ya yi fitsari kafin ya kwanta. Idan kuwa da ya daina ne ya dawo, ko yana kuka in zai yi fitsari, ko yana yawan ƙishirwa yana ramewa, a kai shi a gwada fitsarin.

TAMBAYA: 'Yata mai wata bakwai ta faɗo daga kan gado ina tsakar gida ina wanke-wanke. Ta yi kuka ta yi shiru, ta kama nono, amma goshin ya ɗan kumbura. (Daga Maraɗi)

AMSA: Sannu, 'yar'uwa. Kukan da ta yi nan take da nonon da ta kama alamu ne masu kyau. Ki sa mata ido kwana biyu. Idan ta fara amai a kai a kai, ko barcin ya yi nauyi har tashinta ya yi wuya, ko ta ƙi nono, ko ta yi jijjiga, ko maɗigarta ta tasa, ko kika ji kumburi mai taushi a gefen kai ko a ƙeya, ki kai ta asibiti ko da tsakar dare ne. Yaron da ya iya juyi ba a barinsa a gado shi kaɗai. Katifa a ƙasa ta fi.

TAMBAYA: Likita, ɗana mai shekara biyu ya ɗauki gorar lemo da muke zuba kananzir ya kurɓa. Surukata ta ɗura masa manja, ta sa masa yatsa a maƙogwaro har ya yi amai sau biyu, ta ce gubar ta fita. Yau kwana biyu ke nan yana tari, jikinsa da zafi. Maƙwabta sun ce in ƙara masa madara. Me zan yi? (Wata uwa daga Zariya)

AMSA: Wannan saƙo ban bar shi ya kwana ba, na gaya mata ta ɗauki yaron zuwa asibiti a ranar. Na kawo shi nan ne saboda abin da aka yi wa yaron nan shi za a yi a mafi yawan gidajenmu, kuma da kyakkyawar niyya ake yi. Surukarki ba mugunta ta yi ba, Malama. Abin da ta taso ta ga ana yi ke nan. Amma shi ne ya fi kananzir ɗin cutar da jikanta, kuma ina so a fahimci dalili, domin wanda ya gane dalili ba zai sake ba.

Hanya biyu ce a wuyan ɗan'adam, suna dab da juna. Ɗaya ta abinci, mai zuwa ciki. Ɗaya ta iska, mai zuwa huhu. Kananzir ɗin da ya sauka ciki, ɗan abin da yaro kan kurɓa kafin ɗacin ya sa ya ajiye gorar, ba ya yin wata ɓarna mai yawa. Ya ɗan murɗa cikin, wani lokaci ya sa gudawa, ya fita. Wanda ya ɓace hanya ya faɗa huhu shi ne abin tsoro. Kananzir ba shi da kauri, yana bazuwa a huhu kamar yadda ɗigonsa ke bin tsumma, ya wanke santsin da ke riƙe ƙananan jakunkunan iska a buɗe, sai su manne, huhun ya kumbura. Abin da bai cika ƙaramin cokali ba ya isa ya kwantar da yaro a gadon asibiti da robar oksijin a hanci.

To ki duba abin da amai yake yi. Kananzir ya riga ya wuce bakin hanyar iska sau ɗaya, Allah ya kiyaye ya sauka ciki. Sai mu da hannunmu mu dawo da shi ya sake bi ta wurin, ga yaro yana kuka, yana shiɗewa, yana jan numfashi da ƙarfi. Kowane amai wata dama ce da muka ba shi ya shiga huhu. Shi ya sa ko mu a asibiti ba ma sa irin wannan yaro amai, ba ma kuma wanke masa ciki.

Manja kuwa, jama'a, ba ya karya kowace guba. Ba ya karya kananzir, ba ya karya fiya-fiya, ba ya karya komai. Tayar da zuciya kawai yake yi. Kuma yadda ake ba da shi ɗin ma abin takaici ne: a kwantar da yaro rigingine, a matse masa hanci, a ɗura. Manjan da kansa yana sarƙe yaro ya shiga huhu ya haifar da tasa cutar. Sai a kawo mana yaro da bakinsa ja wur, rigarsa ja wur, numfashi sama-sama, ana cewa ai mun ba shi taimakon gaggawa. Haba! Madara ma haka take, da ruwan gishiri, da ɗanyen ƙwai. Don Allah a daina.

Ga abin da za a yi. A karɓe gorar. A cire masa kayan da kananzir ya jiƙa, a wanke masa fata da ruwa da sabulu, a goge bakin. A riƙe shi a zaune, in kuwa amai ya zo da kansa a juya shi gefe. Kada a ba shi komai ta baki. A tafi asibiti da shi tare da gorar, ko da yana wasa yana dariya. Wannan na ƙarshen shi ne inda ake yawan yin sake. Ciwon huhun ba lallai ya nuna kansa nan take ba, yakan ɗauki sa'o'i, shi ya sa muke riƙe yaro aƙalla awa 6 muna kallon numfashinsa, in da buƙata a ɗauki hoton ƙirji. Tari, haki, lotsawar haƙarƙari, zazzaɓi, yawan barci, leɓe ya canja launi, duk alamu ne cewa ya taɓa huhu. Ɗanki ya nuna biyu daga ciki. Sirof ɗin tari na kemis ba zai yi masa komai ba.

Wannan magana ta shafi fetur da man gas, wato dizal, da tinar da ake sirka fenti da ita. Ta shafi sodar da mata ke haɗa sabulu da ita a gida, wadda ke ƙone maƙogwaro in za ta sauka, ta sake ƙone shi in an dawo da ita. Fiya-fiya da ire-irensa na maganin ƙwari su kuma jini suke shiga, za a ga yaro yana dalalar da miyau yana gumi. Akwai allurar da ke karya su, amma a asibiti take, kuma da gudu ake zuwa.

Na san halin da ake ciki. Kananzir ɗin kwalba ɗaya ake iya saye, mai sayarwa a gorar lemo yake zubawa, ɗaki ɗaya ne, nan risho yake nan yara suke. Amma yaro ɗan shekara biyu da ya sha rana ya ga gorar da ya saba shan zaƙi a ciki, ba abin da zai hana shi kai ta baki. A buga ƙusa a sama a rataye ta, ko a sa ta cikin akwati mai kwaɗo. Ƙarƙashin gado da bayan ƙofa ba ma'ajiya ba ce. Sannan ki zauna da surukarki cikin ladabi ki karanta mata wannan amsa, ko ki sa ɗanta ya yi mata bayani, domin ita ce a gida ranar da ba kya nan.

TAMBAYA: Ina sa wa jaririyata kwalli kullum don idonta ya yi haske. Akwai illa? (Daga Gusau)

AMSA: Akwai. Kwallin dutse yakan ƙunshi dalma, dalma kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro a hankali ba tare da an lura ba. Ku mutanen Zamfara kun ga aikinta a 2010, lokacin da ƙurar haƙar zinare ta kashe ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum. Idon jaririya ba ya buƙatar komai. In yana kwantsa mai yawa ko ya yi ja, a kai ta a duba.

TAMBAYA: Likita, 'yata mai shekara uku ta jawo tukunyar ruwan wanka ta zubo mata a hannu. Mun shafa makilin da ɗanyen ƙwai, wurin ya yi bororo. (Wani uba daga Jos)

AMSA: Allah ya ba ta lafiya, Malam. Ka kai ta yau a wanke wurin. Ƙunar da ta fi tafin hannun yaron faɗi, ko ta fuska, ko hannu, ko gaɓa, ko al'aura, ta asibiti ce ko da ƙarama ce a ido.

Makilin, ƙwai, manja, gishiri, baƙin mai, toka, babu ɗaya da ke warkar da ƙuna. Datti suke kaiwa cikin ciwo, kuma sai ma'aikaciyar jinya ta kankare su kafin ta ga zurfin wurin, yaro yana ihu. Maganin farko ruwa ne, mai sanyi na famfo ko na randa, a yi ta kwararawa da buta har minti 20. Ba ƙanƙara ba. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, rigar da ta manne kuwa kada a fizge ta. Kada a fasa bororon. A rufe da tsumma mai tsabta, a lulluɓe sauran jikin don kada sanyi ya kama ta, a tafi. Ka ɗauki katin rigakafinta don a ga ko tana buƙatar allurar tetanas. Irin wannan ƙuna ta fi yawa da hunturu, saboda ruwan wanka da kaskon wuta. A riƙa fara zuba ruwan sanyi a bokiti kafin na zafi.

TAMBAYA: Ɗana mai wata takwas kwana huɗu yana gudawa da zazzaɓi. An ce haƙori ne, in sayo maganin haƙori a kemis. (Daga Garwa)

AMSA: Ba haƙori ba ne, Malama. Haƙori yana sa dalala, da ƙaiƙayin dasashi, da ɗan rigima. Ba ya sa gudawar kwana huɗu, ba ya sa zazzaɓi mai zafi. Abin da ke ruɗa mutane shi ne lokacin ya zo ɗaya. Wajen wata shida haƙori ke fara fitowa, a lokacin ne kuma yaro ke fara rarrafe, yana kai duk abin da ya tsinta baki, an fara ba shi kunu, garkuwar da ya samo daga uwa tana raguwa. Ƙwayoyin cuta ne suka shiga, haƙori ya ɗauki laifi. Yara da yawa sun rasu da maleriya ko bushewar jiki ana zaune ana jiran haƙori ya fito.

Maganin haƙori kuwa ba na son jin sunansa. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani sirof mai suna My Pikin, da aka samu gurɓataccen sinadari a cikinsa, ya lalata ƙodar yara a Najeriya, aƙalla 84 suka mutu, hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta haramta shi. Yaran nan ba su da buƙatar sirof ɗin tun farko. Kada kuma a kai shi wurin wanzami a tsaga dasashi.

Ki ci gaba da ba shi nono. Ki haɗa ruwan gishiri da sukari na fakiti yadda aka rubuta a jiki, ki riƙa ba shi da cokali bayan kowace gudawa. Ki kai shi asibiti yau a gwada jininsa, za su ba ki ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. In ido ya faɗa, ko ya daina fitsari, ko ya kasa shan nono, ko kika ga jini a kashin, kada ki jira gari ya waye.

TAMBAYA: Yarona ya cusa ƙwayar wake a hanci, mun gwada da tsinken ashana ta ƙara shigewa. (Daga Kumasi)

AMSA: Ku ajiye tsinken. In ya iya fyace majina, a toshe ɗaya hancin ya fyace. In ba ta fito ba a kai shi a cire, domin wake kumbura yake yi in ya jiƙa. Idan ƙaramin batirin agogo ne ya shiga hanci ko aka haɗiye, a tafi nan take, yana iya ƙone maƙogwaro cikin awa 2.

TAMBAYA: Zan iya ba jaririna mai wata biyar zuma saboda tari? (Daga Bauchi)

AMSA: A'a, Hajiya, sai ya cika shekara ɗaya. Zuma takan ɗauki wata ƙwayar cuta da hanjin babba ke iya kawarwa amma na jariri bai iya ba, tana sa jiki ya saki har numfashi ya gagara. Nono ya ishe shi. In tarin ya zo da haki ko zazzaɓi, ki kai shi asibiti.