Ku Tambayi Anti: Ina ɗalibi Kirista zai samu gurbin koyon aikin zaman lafiya?

TAMBAYA: Anti barka da aiki, ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Ni ɗaliba ce a jami'ar Jos, aji uku, ina karanta ilimin zamantakewa kuma ina cikin FCS, zumuntar ɗalibai Kirista, tun ina sakandare. Gaskiya zuciyata na kan aikin zaman lafiya da nema wa marasa galihu haƙƙinsu, dan na tashi ina ganin yadda aka raba garinmu, nan unguwar Kirista can ta Musulmi, wani lokacin ko mai keke ba ya yarda ya tsallaka da kai. To na ga wasu a Facebook suna sa hotuna wai coci ta tura su ƙasar waje aikin sa kai na shekara guda, nima ina so amma ban san ta ina ake bi ba, Baba kuma cewa yake ɓata lokaci ne. Dan Allah ki ba ni shawara.

AMSA: Sannu 'yata, ki gaishe min da Baba. Bari mu fara da na wajen tunda shi ya ɗauki hankalinki.

Wanda aka fi sani a wajenmu shi ne na MCC, ƙungiyar agaji ta Kiristoci 'yan ɗarikar Mennonite da aka kafa a 1920, kuma sun daɗe suna aiki a Jos ɗin nan taku. Sun fara shirin IVEP a 1950, shi ne aka saba ɗaukar matasa daga ƙasashe irin namu zuwa Arewacin Amurka, sai YAMEN da ake musayar matasa tsakanin ƙasashen Afirka, Asiya da Latin Amurka. Shirinsu na SALT kuwa ki cire shi a lissafi, na 'yan Amurka da Kanada ne. Shekara 18 zuwa 30 ake nema, zaman kusan shekara guda ne, a gidan mutane za ki zauna ki ci abin da suke ci, kuma ba albashi sai ɗan kuɗin kashewa. Majalisar ikkilisiyoyi ta duniya da ke Janiba ita ma takan ɗauki matasa su yi hidima a manyan tarukanta, kamar wanda aka yi a Karlsruhe ta ƙasar Jamus a 2022, amma wannan na 'yan makonni ne. Guraben duka kaɗan ne, tsarin kuma yana canjawa saboda matsalar biza, dan haka ofishinsu za ki tambaya me ake ciki a bana. Kuma ki sa a ranki cewa in kin zauna intabiyu za a tambaye ki me kika taɓa yi a cocinki da unguwarki, in ba ki da amsa to wanda ke da ita zai wuce ki.

Shi ya sa ni dai gida nake so ki fara dubawa, kuma kin yi sa'a dan gari kaɗan ne a ƙasar nan suka tara masu wannan aiki kamar Jos, rikice-rikicen da aka gani a 2001 da 2008 da 2010 ne suka jawo haka. Akwai JDPC ta cocin Katolika mai kula da adalci da ci gaba da zaman lafiya, kusan kowace dayosis tana da nata ofis kuma ba sai kina Katolika za ki ƙwanƙwasa ba. Akwai cibiyar tattaunawa da sulhu ta DREP da Akbishop Ignatius Kaigama ya kafa lokacin yana Jos, ga hukumar gina zaman lafiya ta jihar Filato da aka kafa a 2016, ga kuma cibiyar nazarin rikici da zaman lafiya a cikin jami'arku, watakila ma kina wuce ta kullum. In kina da wajen sauka a Kaduna akwai cibiyar sasanci tsakanin addinai, Interfaith Mediation Centre, da majalisar matan addinai biyu, a Abuja kuma cibiyar Kukah wadda ke riƙe da sakatariyar kwamitin zaman lafiya na ƙasa na Janar Abdulsalami, masu sa 'yan takara su sa hannu a yarjejeniya kafin zaɓe.

Irin waɗannan wurare ba kasafai suke tallan gurbin ɗalibi ba, in kika zauna jiran sanarwa sai hutu ya ƙare. Ki rubuta wasiƙa shafi ɗaya, ki haɗa da ta shugaban sashenku da ta fastonki, ki kai da ƙafarki. Ki faɗi watannin da kike da su da abin da kika iya, kuma kar ki raina Hausarki, dan wanda zai iya juya magana daga Hausa zuwa Turanci ba tare da ya ƙara gishiri ba ana nemansa sosai, in kina jin yaren gida kuma ko ɗan Fulatanci to abin ya ƙara kyau.

Amma ki san me za ki tarar. A taron sasanta manoma da makiyaya, ke ce mai jera kujeru, ke ce mai zagayawa da takardar rubuta suna kina rubuta wa dattijon da bai iya boko ba, ke ce mai tuna wa shugaban taro cewa azahar ta yi a tashi a ba mutane wuri su yi salla. Za a buɗe da addu'ar fasto a rufe da ta liman ko a juya. Sai ki zauna a gefe da biro, Ardo ya tashi ya ƙirga shanun da aka kashe masa, shugaban matasa ya tashi ya kira sunayen waɗanda aka binne ɗaya bayan ɗaya muryarsa na rawa, ke kuma dole ki rubuta na kowa daidai yadda ya faɗa, ko da zuciyarki ta karkata ɓangare guda, kuma za ta karkata dan ke ma mutum ce kuma kina da naki. Wannan rubutun shi za a ɗauko bayan wata uku in wani ya ce ba haka aka yi da shi ba. Ni a ganina wanda ya iya wannan ya koyi rabin aikin, kuma ɗalibin da bai taɓa shan shayi da Musulmi a teburi ɗaya ba bai kamata ya fara tunanin kai salama wata ƙasa ba tukuna.

Maganar Baba kuwa kar ki yi masa musu, yana da gaskiyarsa, kuɗin mota ma wani lokacin daga aljihunki zai fita. Ki nuna masa cewa cikin hutu ne, karatu ba zai taɓu ba, kuma wurin da ya san aikinki zai iya rubuta takardar neman a turo masa ke lokacin bautar ƙasa in jihar ta zo daidai.

TAMBAYA: Anti ni ɗalibin lauya ne daga Adamawa, ɗan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya. An kashe yayana a 2014 lokacin da aka shiga garinmu. Fastonmu na so in shiga aikin sasanci da matasan Musulmi amma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Munafunci ne in na shiga?

AMSA: Ɗana, Allah ya ta'azantar da ku. Ba munafunci ba ne, amma kar kowa ya gaggauta ka, ko fasto ne. Ikkilisiyarku ta fi kowa sanin wannan ciwo, a Oktoban 2014 hedkwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, kuma yawancin 'yan matan Chibok 'ya'yanta ne, duk da haka ba ta saki koyarwar salama da ta gada tun Garkida a 1923 ba. Tana gudanar da bitar warkar da raunin zuciya, to nan nake so ka fara, ka zauna a matsayin wanda aka yi wa rashi ka faɗi naka a saurare ka, kafin a ce ka zama mai sasanta wasu.

Ka san Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa na Kaduna? A rikicin da ya biyo bayan Zangon Kataf a 1992 kowannensu yana jagorantar matasan ɓangarensa, Wuye ya rasa hannu, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sai a 1995 aka haɗa su, kuma Wuye da bakinsa ya sha faɗa cewa ya yi shekaru yana aiki da Ashafa alhali ransa bai huce ba. Su ne daga baya suka taimaka aka ƙulla sulhun Yelwa da Shendam a jihar Filato. Kuma tunda lauya kake karanta akwai ɓangaren adalci da ke jiran irinka, gidajen yarinmu mafi yawan waɗanda ke ciki jiran shari'a suke ba a yanke musu hukunci ba. Ka nemi Legal Aid Council mai ba marasa hali lauya, ko Prison Fellowship mai hidima ga fursunoni, ko ofishin taimakon shari'a na tsangayarku, ka fara da bin fayil ɗin mutum ɗaya.

TAMBAYA: Anti wani ya turo a gurup ɗin zumuntarmu na WhatsApp wai yana da gurbin aikin sa kai na coci a Kanada, a tura kuɗin fom zuwa asusunsa kafin Juma'a. In tura?

AMSA: Kar ka tura ko sisi. Ƙungiyar kirki ba ta karɓar kuɗi ta asusun mutum ɗaya kuma ba ta ba da gurbi ba intabiyu. Ka tambaye shi sunan ƙungiyar, ka je ofishinsu da kanka ko ka sa sakataren cocinku ya kira su, sannan ka gaya wa shugaban zumunta ya cire saƙon kafin wani ya tura kuɗin makarantarsa.