Muryar bakanike a gurup ɗin direbobi: ɗaga mota da shan mai

Salamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da yamma. Habu, na ji muryarka tun azahar, hannuna ne duk baƙin mai. Ka ce tun da ka sa wa Golf ɗinka sifirin mai tauri a baya, aka ƙara roba a gaba don ta ɗaga, ta fara shan mai tsakanin Gumel da Kano, fasinja kuma na kukan ƙugu, wai ko shoka ce ta mutu.

To ƙanena, ita dai shoka ba ruwanta da tankinka sosai. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, ita aikinta ta hana mota lilo bayan an faɗa rami. Danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki. In ta tashi ta zauna, da sauranta. In ta yi ta rawa, ko ka ga mai na tsattsafowa a jikin shokar, a canja ta, kuma dama da hagu ake canjawa tare.

Ɗagawar nan ita ce ɓarauniyarka. Ka taɓa fitar da tafin hannu ta taga kana gudun 100? To haka iska ke tokare mota, kuma in ka ninka gudu, ƙarfin tokarewar ninki huɗu yake yi. Mota mai tsayi iska na shiga ƙarƙashinta da yawa, ta daki tayoyi da salansa da duk ƙarafan da ke ƙasa. A cikin gari ba za ka gane ba. Sai ka hau kwalta ka taka, nan allurar mai ke sauka. In kuma ka ɗaure buhuna a but ya tsaya a buɗe, ai kamar ka ɗaura mata zani ne iska na ja.

Sannan na san ba ka yi alaimen ba, wato saita tsayuwar tayoyi, bayan aikin, don wallahi yawancinmu ba ma yi. Da an taɓa tsayin gaba, tsayuwar tayoyi ta sauya, sai su riƙa gurzar kwalta suna tafiya. Shafa tayar gaba da hannu daga ciki zuwa waje, in ka ji kaifi kamar haƙoran zarto, shi ke nan. Kafin a yi alaimen ɗin, a duba bushin, wato robobin ƙafar mota, da tayarod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, in ba haka ba kuɗin banza ne.

Batun ƙugu kuwa, sifirin nan don lodi aka yi shi. Ran Alhamis in ka cika ta da kaya daga kasuwar Maigatari, luwai za ta tafi. Ranar da mutane kawai ka ɗauka, amalanke ce. Ga mai faci ya ɗura maka iska 50 wai don ta rage shan mai. Ragin kaɗan ne, tsakiyar taya ta cinye, tsofaffi su yi ta salati a baya. Duba takardar da ke jikin ƙofar direba ko murfin tanki, an rubuta na lodi da na marar lodi, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ni ba na yarda da allura. Cika tanki, rubuta kilomita, je Kano ka dawo, ka sake cikawa ka ga lita nawa ta sha. Sai ka kawo ta ran Asabar mu cire robar gaban nan, ka sake aunawa. An kira magariba, sai an jima.