Tambayi Likita: Hasken Eksiray a Aikin Gyaran Bugun Zuciya

Likita, za a zura wa mahaifina siririn bututu ta matsematsi har zuciya don gyara bugunta. Bayan aikin, hasken da aka haska masa zai iya cutar da jikokinsa?

Ko kaɗan. Eksiray kamar tocila ne, da an kashe ba ya saura a jiki. Ya ɗauki jikokinsa. Amma idan wurin da aka huda ya kumbura ko ya soma zubar da jini, ku danne shi da ƙarfi ku koma asibiti nan take.

Da hasken ake ƙona wurin da ke rikita bugun?

A'a. Da zafin lantarki ake yi, ko da tsananin sanyi, daga bakin bututun. Eksiray ɗin don likita ya ga inda bututun ya nufa ne kawai.

Likita, ina da ciwon karkarwar saman zuciya. An ce a yi min wannan aiki na ƙi, don na ji hasken yana jawo ciwon kansa. Na ma ajiye maganin hana daskarewar jini, na koma shan wani haɗin wankin ciki da aka ce yana fitar da hasken hotunan da aka yi min a baya.

Hajiya, wasiƙarki ta tayar min da hankali. Ki daina shan wannan haɗin yau, ki je ki ga likitanki kan maganin da kika ajiye, kada ki jira ranar da aka ba ki. Babu wani haske da ya taru a jikinki balle a wanke shi. Abin da wankin ciki yake fitarwa shi ne ruwa da sinadarin fotasiyam, kuma ƙarancin fotasiyam shi ma yana rikita bugun zuciya. Abin takaici ne a sayar wa mai ciwon zuciya irin wannan da sunan magani.

Ciwonki yana sa jini ya kwanta a zuciya ya yi gudaji, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa. Haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana ninkuwa kusan sau 5, maganin da kika ajiye shi ne garkuwarki. Idan baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, a kai ki asibiti a wannan lokacin.

To, ga gaskiyar hasken. Ana auna shi da milisibat. Kowane ɗan Adam yana samun kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama. A da, dogon aiki irin naki yakan kai 15 ko ya wuce. Ƙiyasin masana shi ne milisibat 10 na ƙara haɗarin mutuwa da ciwon kansa da kusan 1 cikin 2,000, kuma ya fi haka ƙanƙanta ga wanda ya manyanta. Ba na ce babu haɗari ba, amma ki auna shi da wanda kike ciki yanzu.

Kuma an rage shi sosai. Akwai na'urori irin su CARTO da EnSite da ke zana taswirar cikin zuciya a kwamfuta su nuna bakin bututun ba tare da eksiray ba. Akwai kuma bututun hoton sauti da ake sakawa cikin zuciyar. Da waɗannan, ƙwararru sukan gama aikin da ɗan haske kaɗan, wani lokaci ma babu ko ɗigo. Inda aka kunna eksiray, ana sauke yawan hotuna daga 15 a daƙiƙa zuwa 7.5 ko ƙasa da haka, a tsuke hasken ya tsaya kan zuciya kaɗai, a kusanto da faifan karɓar hoto jikin ƙirji, a kuma guji ɗaukar hoton ajiya mai kaifi, domin yana cin haske kusan ninki 10. Haskawa ta gefe sosai ma tana ƙara yawansa, saboda sai ya ratsa nama mai kauri, shi ya sa masu jiki suka fi samu. Hakkinki ne ki tambaya ko za a yi amfani da taswirar, ki kuma nemi a rubuta adadin hasken a takardar sallamarki. Ko an yi aikin, za ki ci gaba da maganin jinin aƙalla wata 2, kuma likita ne kaɗai zai ce a tsaya.

Mako 3 da yi min aikin, sai ga wani jan tabo mai kusurwa huɗu a bayana, yana ƙaiƙayi. An ba ni wani man shafawa mai zafi.

Malam, kada ka shafa. Wannan ya yi kama da ƙunar haske, wadda takan fito a baya domin ta nan hasken ke shiga, kuma takan ɗauki kwanaki ko makonni kafin ta bayyana. Ba ta cika faruwa ba sai aikin ya yi tsawo, fata ta sha fiye da gire 2 (gire ma'aunin yawan hasken da fata ta sha ne). Kada ka sosa, kada ka gasa da ruwan zafi. Ka koma wurin waɗanda suka yi aikin cikin makon nan. Duk likitan fatar da ka gani, ka fara gaya masa an haska ka, don kada ya yanki fatar zuwa gwaji: wurin yana iya zama gyambo mai wuyar warkewa.

Ina da ciki wata 2, an sa min ranar aiki.

'Yar'uwa, ki sanar da su tun kafin ranar. Galibi akan ɗaga aikin har ki haihu. Idan ya zama dole, an fi so a wuce wata 3 na farko, a yi da taswira ba tare da eksiray ba. Idan kika suma ko numfashi ya yi miki wuya, ki tafi asibiti da gaggawa.

Ma'aikaciyar jinya ce ni a ɗakin aikin. Rigar darma ta ishe ni?

Ki haɗa da abin kare maƙogwaro da tabarau mai darma, domin hasken yana jawo yanar ido. Ki riƙa ja da baya: idan kika ninka nisanki da teburin, abin da zai same ki ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Iyakar ma'aikaci milisibat 20 ce a shekara, don haka ki saka ma'aunin haskenki kullum, ki kuma bi sakamakonsa.