Kada ka ci bashin sabon inji saboda rabin milimita

Tambaya: Ni kafinta ne. Bel ɗin injin samfefana kullum sai ya zame gefe, ya ci bakinsa ya yage. Ƙanen matata mai feƙe ƙarfe ya yi wa rololin biyu doro, abin ya ƙara lalacewa. In ci bashi in sayi sabon inji? Ina hangen wata babbar kwangila.

Malam, ajiye zancen kwangilar nan tukuna. Aikin da ba a sa hannu a kansa ba ba ya biyan bashi, kuma injinka bai mutu ba.

Kuskurenka ɗaya ne: ka miƙa wa surukinka rololi ba tare da ka faɗa masa awo ba, shi ma bai tambaya ba, yanzu kuma kana jin nauyin mayar masa. Da bare ne ya yi maka wannan aiki, da tuni ka koma ka tsaya a kansa. To wannan nauyin da kake ji, kuɗin bel kake biya a kansa duk mako.

Shawarar yin doron daidai ce. Bel mai faɗi yana hawa ne zuwa inda rola ta fi kauri, shi ya sa idan tsakiya ta ɗan ɗara gefuna sai ya zauna a tsakiya da kansa. Amma ɗan kaɗan ake nufi. A ƙaramar rola mai faɗin santimita 5 zuwa 10, wajen rabin milimita ya wadatar, sai ka ɗora rula a kai ka hangi ɗan haske a gefuna kafin ka san yana nan. Doron da ido ke gani daga nesa ya yi yawa: tsakiyar bel ta miƙe, gefuna su saki, mahaɗin ya fara buɗewa, katako kuma ya fito da kwari. Sannan yawanci rolar da ake saita bel da ita ake yi wa doro. Wadda katako ke gogawa a kanta a bar ta a miƙe.

Na san wani mai yin ƙofofi da ya sayar da injinsa a arha saboda irin wannan matsala, ya ɗauko sabo da rance. Wanda ya sayi tsohon injin, boris ɗaya ya canja, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da rola ke juyawa a kansa, ya goge ƙurar da ta daskare a kan rola, inji ya ci gaba da aiki. Shi kuwa mai sabo ya daɗe yana biyan kuɗin ruwa.

Don haka kafin a sake taɓa ƙarfe, cire bel ka girgiza kowace rola. In tana wasa, boris ne, kuma doro ba ya gyara boris ko sandar da ta karkace ko sifirin da ya saki. In lafiya suke, samo miƙaƙƙiyar rola ka naɗa salatif zagaye biyu ko uku a tsakiyarta, ka kunna. Bel ya zauna a tsakiya? Ka gano awonka, wato kaurin salatif ɗin da ka naɗa. Rubuta shi a takarda ka kai wa surukinka, ka ce haka kake so, ka biya shi cikakken kuɗin aiki don ka samu bakin magana. In ya ƙi aunawa, kai wa wani.

Daga yau kuma ka riƙa rubuta ranar da ka sa kowane bel da ranar da ya mutu. Bayan wata biyu ka turo mini lissafin, sai mu yi zancen sabon inji.