Tambaya da Amsa: In Ajiye Alli In Tafi Aikin Bishara?

Tambaya: Salama. Ni malamin firamare ne, ina da mata da 'ya'ya uku. Shekara biyu ke nan zuciyata ta hana ni sukuni a kan zuwa aikin bishara a ƙauye. Amma ga tsadar abinci, ga masu garkuwa da mutane a kan hanya. In ajiye aiki in tafi, ko jiran da nake yi rashin bangaskiya ne?
Daga wani ɗan'uwa a Kafanchan

Amsa: Malam, salama gare ka. Kada ka ajiye aiki tukuna. Kira yakan fara a zuciyar mutum ɗaya, amma ikkilisiya ce ke tabbatar da shi. Duba Ayyukan Manzanni 13: sai da 'yan'uwa a Antakiya suka yi azumi da addu'a, suka ɗibiya wa Barnaba da Shawulu hannu, sannan suka sallame su.

Fara da uwargida. Nan ne da yawa ke tuntuɓe. Maigida ya yi shekara biyu yana addu'a, ita kuwa sai ana saura mako guda ta ji labari, alhali ita za ta riƙa ɗebo ruwa daga rafi, ita za ta goya yaro mai zazzaɓi zuwa asibitin da ke nesa. In ta ce ba ta shirya ba, lokaci bai yi ba.

Daga nan ka je wurin fasto da dattawa, ka roƙi a ba ka aiki na shekara guda kana nan a gida: ajin baftisma, ziyarar marasa lafiya, wa'azin ƙauye ranar Asabar. Wanda ya gaji da wannan cikin wata uku ya sami amsarsa cikin sauƙi. In sun shaide ka, su rubuta maka takarda zuwa DCC, wato majalisar ikkilisiyoyin gundumarku. A ikkilisiyar ECWA, ƙungiyarta ta aikin bishara mai suna EMS ce ke tura masu bishara. Don horo akwai makarantun tauhidi a Kagoro da Jos, da TCNN a Bukuru.

Sai lissafi, kamar yadda Luka 14:28 ta ce game da mai ginin hasumiya. Gidan mutum biyar zai ci kusan buhu huɗu na hatsi cikin wata shida. Ka tanade su, da kuɗin makarantar yara na zango biyu. Kada ka jingina ga alkawuran da ake yi ranar addu'ar sallama, domin bayan 'yan watanni sukan ja baya, ba don mugunta ba, su ma aljihunsu ya matse. Ka nemi mutum biyar ko ƙungiya ɗaya, misali Zumuntar Mata, da za su faɗi adadin da za su iya kowane wata. Ka isa can kafin ruwan fari, a Maris ko Afrilu, don ka sami aron gona. Allin ma tafi da shi. Bulus ya yi ɗinkin tanti a Koranti, kai kuma ƙauye na ƙishin malami.

Batun tsaro: ka fara zuwa kai kaɗai, ka gai da mai gari, ka tambayi mazauna wace hanya ake bi da ƙarfe nawa. Kada ka yi tafiyar dare, kada ka sanar da ranar tafiyarka a Facebook. Ku shirya da iyali inda za ku haɗu in an watse. Matiyu 10:23 ta yarda a gudu zuwa wani gari, Bulus ma a kwando aka zurara shi ta garun Dimashƙu.